Akwatin Baba Bitrus Ya Je Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sake riƙe zarto cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya biyo ta ƙofar shagona a Gyaɗi-Gyaɗi sai ya ja ya tsaya: "Ɗanlami, wai da gaske ƙwaro ka raka har bakin teku?" 'Yan majalisarmu kuwa har sun raɗa mini suna, wai Ɗan Rakiyar Malam-buɗe-littafi. To, na gaji da ba da labari guntu-guntu, ina magana ina kuskuren awo. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa ya karanta.

Ni kafinta ne, kuma kafin wannan tafiya iyakar yawona Zariya. Wanda ya tashe ni daga kan benci shi ne Baba Bitrus, tsohon malamin kimiyya, mutumin kudancin Kaduna, wanda ke zaune a bayan layinmu tun ina yawo ba wando. Rabin unguwar nan shi ya koyar da su, har da ni, ko da yake ni bulala kawai na kwasa. Ban da koyarwa, abin da aka san shi da shi shi ne tara malam-buɗe-littafi. Kuma ba masu adon nan da yara ke bi ba. Nasa ƙanana ne, launin ƙasa, masu kaurin jiki, irin waɗanda ke tashi fir daga cikin ciyawa kafin ka ɗaga ido sun ɓace. Ni nake yi masa akwatunansu: katako mai kyau, murfin gilashi, a shimfiɗa totuwar kara a ƙasa don allura ta kama, a sa kafur a kusurwa saboda kiyashi.

Ya sha yi mini bayani ina gyaɗa kai. Wai babban gida ne guda, masana na ce masa Borbo, amma ɗakuna ne da yawa a ciki, kowane ɗaki da sunansa, kuma da fararen ɗigon da ke kan fiffike ake gane ɗan wane ɗaki ne. Haka ya jera su a akwati, sahu-sahu, kowa cikin 'yan'uwansa. Guda ɗaya ne kawai ke zaune a kusurwa shi kaɗai, wani namiji wanda ɗigonsa ya dishe har ba a ganinsa. Matarsa, Mama Saratu, ita ta kama shi da ɗankwalinta a fadamar bayan Tarauni, wajen Daurawa, wurin da yau in ka je ba abin da za ka gani sai bulo. Fadamar ta tafi, Mama Saratu ma ta rasu. Baba ya sa a ransa cewa wannan ƙwaro ba a taɓa yi masa suna ba, kuma a ƙa'idar masana, wanda ya gano sabon iri shi ke raɗa masa suna. Sunan matarsa yake so a sa.

Daminar da sojoji suka koma bariki, idon Baba ya yi nisa wajen lalacewa, 'ya'yansa kuma suka yanke cewa da kaka za su mayar da shi garinsu. Sai ya aiko 'yarsa Rahila ta kira ni. Ya ce akwai wata cibiyar binciken noma kusa da Kwatano mai ɗaki cike da ƙwari, sun ce a kawo su duba.

"Baba, ni ko Faransanci ban iya ba, Turancin ma sai a hankali."

"Ba bakinka nake so ba, hannunka nake so. Ba ka da gaggawa." Ya lalubo ƙaramin akwatin da na yi masa, mai ɗauke da namijin da wasu mata biyu na rakiya, ya ɗora a cinyata. "Ka dawo mini da shi yadda ka ɗauke shi, Ɗanlami. Kuma kada ka dawo mini ba amsa."

Na ce amana ce, in Allah ya yarda ko gashin fiffikensa ba zai motsa ba. A lokacin ban ga wata wahala a cikin maganar ba.

Alhaji Na'Allah, mai kawo motoci daga Kwatano, shi aka haɗa ni da shi. Muka hau Fijo a Unguwa Uku, na naɗe akwati a tawul, na ƙara da leda saboda ruwa, na rungume. Daga Funtuwa zuwa Gusau duk ramin da mota ta faɗa, sai in ɗaga akwatin sama, ni in sha dukan. Wata tsohuwa da ke gefena ta daɗe tana shinshina, can ta kasa haƙuri.

"Yaro, wannan warin kafur fa? Ba dai gawa ka ɗauko mana ba?"

Gaskiyar magana kuwa gawa ce. Na buɗe gefen tawul na nuna mata. Ta leƙa, ta ga ƙwari tsire da allura, ta yi a'uziyya ta matsa jikin ƙofa. Tun daga nan aka daina miƙo mini gyaɗa a motar.

An ce mana an ɗauke shingayen hanya tun da farar hula suka hau. Direbanmu ya ce masu kakin ne suka ragu, amma gangunan da katako mai ƙusa ba wanda ya gaya musu an yi zaɓe. Haka muka yi ta tsayawa har Kamba, bakin iyaka.

Hadari ya haɗo, iska ta fara kwasar leda, aka ce kowa ya sauke kayansa. Wani jami'i dogo ya ɗauki akwatina, ya jijjiga shi kusa da kunnensa. Na ji jijjigar nan har cikin haƙorana. Ya warware tawul, ya shinshina, ya ce me aka ɓoye a ƙarƙashin totuwar. Na ce ba komai, ranka ya daɗe, ni na yi akwatin da hannuna. Ya zare murfin gilashi a tsakiyar iskar nan, fikafikan suka fara rawa. Sai na ga ya kai yatsa biyu zai cire allurar namijin.

Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa ba.

Alhaji Na'Allah ya dafe kai. Duk wanda ya yi zamanin soja ya san abin da ke biyo bayan taɓa mai kaki, tsallen kwaɗo shi ne mafi sauƙi. Jami'in ya dubi hannuna, ya dube ni.

"Ka san da bara ne ka yi wannan, da yanzu kana kwance a kwata?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To sake ni."

"In ka janye yatsanka zan saki. Na wani tsoho ne, matarsa ce ta kama masa, ta rasu. In ya karye babu wani."

Ban san ko maganar ce ta shige shi ba, ko kuwa shi ma bai gama sanin abin da sabon zamani ya yarda masa ya yi ba. Mutane dai sun taru suna kallo. Ya janye hannunsa a hankali, ya ce in rufe tsiyata in ɓace masa da gani. Na mayar da gilashi, ruwa ya sauko kafin in gama ɗaure ledar. Sai da muka shiga Gaya, a ƙasar Nijar, sannan Alhaji Na'Allah ya ce, "Ɗanlami, in za ka kashe kanka, ka bari sai na sauka daga motar."

Jandarmomin can daban suke da namu. Sai sun sara maka, sun gaishe ka, sannan su karanta kowace takarda har bayanta, su nemi katin allurar rigakafi. Amma tsohuwar nan ta riga ta yi mini aiki, domin labari ya riga ni isa cewa kayan boka na ɗauko. Jandarman ya leƙa ta gilashi daga nesa, ya mayar da hannunsa baya, ya yi mini alama in wuce. Ban ƙaryata ba, Allah ya yafe mini. Muka haye gadar kogin Kwara muka shiga Malanbil, ƙasar Benin, inda na fara cin burodinsu dogo mai tauri kamar ƙotar gatari. Su a hammata suke saƙale shi ba leda, ba kuma mai kallonsu.

A Paraku muka sauka gidan wata mata mai ba fatake ɗaki. Na yi yadda Baba ya koya mini: na ɗora akwati a kan ƙaramin tebur, na sa kowace ƙafar tebur a cikin gwangwanin ruwa don kada kiyashi ya hau. Muka fita cin abinci da la'asar. Sakwara suka ba mu da miyar gyaɗa da soyayyen cukun Fulani da suke kira wagashi, kuma wallahi ban taɓa cin sakwara mai laushinta ba. Ina cikin santi na dawo na tarar da ɗaki fes, an share, an yayyafa ruwa. Su a can mutunta baƙo ke nan, a gyara masa ɗaki ko bai nema ba. Matar ta ga gwangwanaye da ruwa a ƙarƙashin tebur, ta ɗauka shara ce, ta kwashe.

Kiyashi ya riga ya ja layi daga ƙasa har bakin akwati, ya samu wata 'yar kafa a inda jijjigar Kamba ta sassauta murfi. Ɗaya daga cikin matan ƙwaron nan biyu ba abin da ya rage nata sai fiffike da gari. Namijin suna dab da shi. Na fitar da akwati tsakar gida, na dinga tsince su ɗaya-ɗaya da tsinken tsintsiya, ba halin in hura, ba halin in kaɗe. Matar gidan ta tsaya tana ba da haƙuri da yarenta, ni kuma haushi ya cika ni amma ba wanda zan sauke wa, tun da alheri ta yi. Daga ranar ban sake rabuwa da akwatin ba, ko alwala zan yi yana gefena.

Jirgin ƙasa ya kai mu Kwatano. Garin nan iskarsa jiƙe take, riga ba ta bushewa a jiki. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa mai lamba a baya, ba kamar namu ba da kowa ke shigar da ya ga dama. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne fetur, namu na Nijeriya, jere a manyan kwalabe a bakin titi, mu kuma a gida muna kwana a layi. Alhaji Na'Allah ya damƙa ni a hannun mai masaukinsa a Zango, Alhaji Mudi, jikan wani Bakano da fataucin goro ya kawo. Hausarsa ta kakanni ce, yana ce mini "samari", kuma shi ya yarda ya raka ni ya yi mini tafinta.

A cibiyar binciken, ɗakin ƙwarin sanyi ƙalau, durowa tun daga ƙasa har rufi. A matsayina na kafinta na yaba aikin. Wata mata mai farin gilashi, wadda kowa ke kira Madam, ita ta karɓe mu. Ta ɗauki akwatin da hannu biyu, na ji hankalina ya kwanta da ita. Ta yaba totuwar, ta jawo durowar gidan Borbo, ta yi ta gwada namijin da sahu-sahu, ta sa shi ƙarƙashin madubi mai girmama abu. Ta daɗe, sannan ta ɗago ta yi magana, Alhaji Mudi ya juya mini.

"Ta ce ɗan gidan ne, ba shakka. Amma wane ɗaki, fiffike ba zai faɗa ba. 'Yan gidan nan sun cika kama da juna, ɗigon kuma yakan yi ƙarya. Ta ce hanya ɗaya ce: a ɓalle ƙarshen cikinsa, a jiƙa a magani, a duba gaban namijin. Kowane iri da siffar nasa."

"A ɓalle? In an gama za a mayar?"

Ya tambaye ta. Ta girgiza kai.

Na ce a ba ni akwatina. Madam ba ta ji haushi ba, ta ce dama lokacin tashinsu ya yi. Su a can da rana tsaka kowa rufe ofis yake ya tafi gida ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Ta ce in yi tunani kafin nan.

Muka zauna a gindin wata bishiya a bakin ƙofa. Gaba kura, baya siyaki. Baba ba shi da tarho, wasiƙa kuma kafin ta je ta dawo an riga an kai shi garinsu. Alhaji Mudi ya ce, "Samari, amana amana ce. Yadda aka ba ka haka za ka mayar. In ya so a karya, ya aiko wani." Maganarsa gaskiya ce, kuma ita raina ya fi so. Ni da na riƙe hannun mai kaki saboda ƙwaron nan, ni zan miƙa shi a yanka? Na tuna Mama Saratu, yadda take aiko mana da kunun gyaɗa da azumi alhali ita ba ta yi. Abin da hannunta ya taɓa ke nan da ya rage wa tsohon.

Amma magana biyu Baba ya yi mini, kuma yanzu sun rabu, dole in taka ɗaya. Na yi ta hango shi zaune a ƙauye, ido ya rufe, da akwati lafiyayye a cinya, yana maimaita tambayar da ya yi shekara da shekaru yana yi. Ƙwaron ba zai ƙara ganinsa ba ko na mayar da shi cikakke. Amsa kuwa da kunne ake jinta. Da aka buɗe ofis na shiga na ajiye akwatin a gaban Madam, na ce Alhaji Mudi ya gaya mata ta yi, amma a gabana.

Da ɗan hantsaki ta yi. Ƙarar ba ta kai ta karyewar tsinke ba, amma na ji ta. Na fita waje na share ido, ban ɓoye wa kowa ba.

Washegari ta kira mu ta nuna mini ta madubi, ta ajiye zanen littafi a gefe. Ko ni da ban san komai ba na ga abu ɗaya ne. Sunansa Borbo gemella, an san shi tun kafin a haifi Baba, yana nan ko'ina a ƙasashen ciyawa, kawai dai wannan ɗigonsa ne ya dishe. Ta sa abin da ta ɓalle a wata 'yar kwalba kamar ƙwayar shinkafa, ta soke ta a allurar a ƙarƙashinsa, ta ƙara takardar suna. Ta kuma kwafi 'yar takardar da Baba ya rubuta tun da can, mai cewa Tarauni, Kano, da sunan wadda ta kama, ta ce za ta shiga cikin bayanansu.

Hanyar dawowa ba abin da zan ce a kanta. A sabuwar motar Alhaji Na'Allah muka taho, ba wanda ya taɓa akwatin, ni kuma da ma a ce an ƙwace. Na karya amana, kuma a banza. Muna shigowa Kano na ce a sauke ni a titin Gidan Zoo, na ƙarasa da ƙafa don in ja lokaci.

Na tarar da Baba a tsakar gida, Rahila na ɗaure littattafansa a kwali. Muka gaisa, ya tambayi hanya, na fara ba shi labarin burodi. Ya katse ni.

"Ɗanlami. Sun karya shi?"

Na ce, "Ni na ce su karya, Baba."

Sai ya ce, "Tun Saratu na da rai na san sai an karya. Sau nawa na ɗauki hantsaki na ajiye. Ranar da na aike ka ma na so in gaya maka, bakina ya ƙi." Ya miƙo hannu ya lalubi gwiwata. "Ka yafe mini nauyin da na ɗora maka. Faɗi sunan."

Na faɗa, na ce ba sabo ba ne. Ya maimaita sunan a hankali. Rahila ta daina ɗaurin kwali. Na gaya masa an rubuta sunan Mama a can a matsayin wadda ta kama, ya gyaɗa kai kawai.

"Ashe 'yan'uwansa na nan sahu na biyu, shekara da shekaru, ni na raba shi da su," in ji shi. "Rahila, ɗauko babban akwati."

Ya ce shi zai mayar da shi da kansa. Na riƙe hannunsa, na kai shi ƙarshen sahu na biyu, muka danna allurar tare har ta kama totuwa. Sai ya zare hannunsa ya lalubi kusurwar da ƙwaron ya zauna tun ranar da Mama Saratu ta kawo shi a ɗankwali. Ɗan ramin allura na nan a wurin. Ni kuwa da idon kafinta, na ce bari in ɗauko totuwa in toshe kafin a rufe.

Baba ya ɗora yatsansa a kan ramin.

"A'a," ya ce. "Wannan bar mini shi."